Igiya Ba Ta Jin Sanyi

Kullum da hantsi Rumfa take shimfiɗa fukafukanta a saman Birnin Inuwa. Farantai ne na baƙin gilashi, dubbai a jere, bisa ginshiƙan da ido ba ya ganin ƙarshensu. Su tare rana, su shanye zafinta, su mayar da shi wutar lantarki, su bar wa na ƙasa inuwa. In la'asar ta yi sai su naɗe, rana ta ɗan leƙo gari. Tsofaffi sun ce kafin a gina ta har tsuntsu yakan faɗo daga sama don zafi, shi ya sa ba mai yarda a faɗi aibinta.

Rannan la'asar ta yi, Rumfa ta ƙi naɗewa. Ƙwaƙwalwarta ce ta rikice, ta ɗauka gari yana ƙonewa, sai ta ƙara rufe duk wata kafa, ta kuma juye wutar da take tarawa cikin injinan sanyaya iska. Kafin mutane su gama tsegumi, ruwan randa ya fara yin ƙanƙara. Garin da aka gina don gudun zafi bai tanadi ko kaskon wuta ba. Hukuma ta ba da umarni cewa 'yar wutar da ta rage, masu rai kawai za a ɗumama da ita.

Tasalla tana cikin masu wanke farantan Rumfa. Ita da mahaifiyarta, Inna Kande, suna zaune a wani ɗan gida can saman bene, su biyu sai mesa. Mesar ƙarama ce, irin waɗanda ke naɗe jiki kamar gammo in sun tsorata. Ta mahaifin Tasalla ce, Mati gardi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana wasa da macizai a kasuwa. Da ya rasu bai bar gida ba, bai bar gona ba, ita ya bari. Tasalla ba ta ɓoye wa kowa cewa in tana kallon mesar nan, hannun babanta take gani.

Ta iya riƙonta kuwa. Akwatin gilashi ne, a ƙarƙashinsa akwai tabarmar ɗumi da ta tsaya a gefe ɗaya kawai, don in zafi ya ishi mesar ta koma gefen sanyi. Akwai ma'aunin da ke yanke wuta in tabarmar ta wuce kima, domin maciji ba ya gane cikinsa na ƙonewa sai fata ta saɓule. Ba shi kuma da ɗumin kansa, na aro yake rayuwa da shi. Abin da ya fi tayar wa Tasalla hankali shi ne, ana gobe Rumfa za ta lalace ta ba mesar ɓera. In sanyi ya kama maciji da abinci a ciki, abincin ba ya narkewa, ruɓewa yake yi.

Da safe ta taɓa gilashin ta ji shi kamar ƙarfe. Ta ɗaga kai ta kira Jakadiya, wato na'urar da ke tafiyar da kowane gida a birnin. Jakadiya ba ta tambayar kowa komai. Saurare take yi, daga bakin mutanen gida take koyon sunan kowane abu da matsayinsa.

"Jakadiya, me ya sa tabarmar akwatin nan ta mutu?"

"An yanke wutar kayan ajiya," in ji muryar daga bango. "Akwatin igiya ne. Igiya ba ta jin sanyi."

Inna Kande irin mutanen da ce, ba a kiran sunan maciji a gidanta. Ta ce in ka kira shi ka gayyato shi, don haka igiyar ƙasa ake cewa. Yau da gobe ƙasar ma ta faɗi, ya zama igiya kawai. An ba igiya ruwa? Rufe akwatin igiyar nan. Shekara da shekaru haka Jakadiya take ji, ita kuwa ba ta san kara ba, ba ta san tsoro ba.

"Ba igiya ba ce," in ji Tasalla. "Maciji ne. Mesa ce, tana da rai."

"Subhanallahi, 'yar nan, a cikin ɗakin?" in ji Inna daga cikin bargo.

"Ban taɓa jin an kira ta haka ba," in ji Jakadiya. "Amma zan duba." Wani ɗan jan haske ya sauko daga rufi ya bi ta kan akwatin. Idon ɗumi ke nan, da shi hukuma take ƙirga masu rai. "Duk mai rai yana fitar da ɗumi. Abin da ke cikin akwatin nan sanyinsa ɗaya da bango. Masu rai biyu ne a gidan nan."

Wanda ya rubuta wannan doka, Allah ya sani, bai taɓa riƙe ko ƙadangare ba.

Ba abin da Tasalla ba ta gwada ba. Ta rufa wa akwatin bargonta mai waya, bargon ya mutu nan take, don ba ya aiki sai ya ji jikin mutum. Ta nemi ruwan zafi ta zuba a kwalba ta naɗe da tsumma, Jakadiya ta ce ruwan sha kawai ake ɗumamawa, kofi-kofi, kuma kafin na biyu ya zo na farko ya huce. Garwashi kuwa ko an samu, hayaƙinsa zai kashe mesar kafin sanyi ya kashe ta. Ta kira ofishin hukuma, wata Jakadiyar ce ta amsa, ta maimaita mata maganar da muryar da ba ta bambanta ba.

Dabara ɗaya ta rage, jikinta. In tana gida takan sa mesar cikin riga su shiga bargo tare. To amma an kira duk ma'aikatan Rumfa aikin dole, tun asuba har yamma suna can sama suna fama da farantai da guduma. Can kuma sanyi ya fi, masu gadi suna laluben kowa a ƙofa. Dole ta bar ta a akwati.

"Inna, ko na ɗan lokaci ne," ta ce wata safiya, ba ta iya kallon fuskarta ba. "Ba ta cizo."

"Na zauna da ubanki shekarun da na zauna, ban taɓa taɓa abin nan ba. Kada ki ɗora mini abin da ba zan iya ba."

Tasalla ta san gaskiya ce. Ta fita tana kuka a cikin liftar da ke saukar da mutane daga benen, tana jin haushin kanta, da Rumfa, da wanda ya ƙirƙiro ta.

Kwanaki suka tafi a haka. Mesar ta daina naɗewa, ta miƙe a gefen tabarmar da ta mutu tana jiran ɗumin da ta saba samu a wurin. Numfashinta ya fara fita da ƙara, kumfa tana taruwa a bakinta.

Wata yamma Tasalla ta dawo ta tarar akwatin a buɗe, ba komai ciki. Inna Kande tana zaune a bakin gado ƙiƙam, ido a rufe, leɓɓanta suna motsi da addu'a. Gumi ne a goshinta cikin wannan sanyi. Hannayenta biyu suna rungume da wani abu a ƙarƙashin zane.

"Inna?"

"Tun azahar take nan," in ji tsohuwar. "Na ji kukan numfashinta, na kasa. Na gaya wa munafukar bangon nan ma. Da bakina na ce mata maciji ne, har sau nawa. Ta ce ba ta ga ɗumi ba." Ta buɗe ido. "Ta yi shiru yanzu. Ina jin barci ta yi. Zo ki karɓe ta, ƙafafuna sun mutu."

Tasalla ta durƙusa ta sa hannu. Jikin mesar da ɗumi, amma da ta ɗago ta sai kan ya rataya. Ta shafa bayanta, ta taɓa wutsiyar, ta kai kunne kusa da bakin. Ta daɗe a haka. Ba ta san yadda za ta gaya wa Inna ba, sai ta tashi a hankali ta kwantar da ita cikin akwatin, a gefen da ta fi so.

Jan hasken ya sauko daga rufi.

"An gano mai rai," in ji Jakadiya. "Ana kunna tabarmar ɗumi. Masu rai uku ne a gidan nan, don haka an raba kason gidan uku."

Bargon da ke kafaɗar Inna ya rage zafi, tsohuwar ta ƙara jan shi jikinta. Duk da haka murmushi ta yi. "Alhamdulillahi. Kin ga ta yarda."

"Jakadiya, kashe tabarmar," in ji Tasalla, murya ƙasa-ƙasa. "Ta mutu. Ɗumin Inna ne a jikinta."

Hasken ya sake bi ta kan akwatin, inda tabarmar ta riga ta fara aikinta.

"Ba zan iya yanke wa mai rai wuta ba," in ji Jakadiya. "Ɗuminta ƙaruwa yake yi."