Gatarin Kaka Igge

Sahura tana tankaɗen gari a tsakar gida, rana ta yi ja tana sauka bayan dutsin gari, sa'ad da jifa ta farko ta faɗo bisa kwanon ɗaki. Ƙwal! Ko kai ba ta ɗaga ba. 'Ya'yan maƙwabta a Dogon Dutsi ba su da aiki sai harbin ƙadangaru, ta yi tsaki ta ci gaba da aikinta. Dutse na biyu ya faɗo tsakiyar garin da ke gabanta. Ta sa hannu ta ɗauka, ta yar da shi da sauri, don zafi gare shi kamar daga murhu aka ciro shi.

Ladan ya soma kiran magariba. Kaji suka tsaya bakin akurki suka ƙi shiga. Ta kira ɗiyarta Kausar, shiru. Ta zaga bayan ɗaki ta iske yarinyar zaune kusa da juji, ta ba gida baya, tana rera wata waƙa can ƙasan maƙoshi. Sahura ta san waƙar. Rabonta da jin ta tun tana ƙarama a Lugu.

To, abin ba haka kawai ya faɗo daga sama ba. Kakar Sahura, Igge, 'yar bori ce, tsohuwar da doguwa ke hawa, ta rasu a Lugu bayan girbi. Da aka zo rabon abin da ta bari, kowa ya kau da kai daga kayan iskarta, sai aka ɗora wa Sahura: baƙin zane saƙi, da izgar doki, da wani ɗan gatarin ƙarfe. Tsofaffin Lugu abu ɗaya suka gaya mata. Kayan nan ba sa taɓa ƙasa. A ka ake ɗaukar su, a rataye ake ajiye su.

Madam Angèle ta ji labari ta zo har gida neman kayan. Tsohuwar malamar lekol ce, wato makarantar boko, da ta bar aiki ta buɗe wani ɗaki inda take tara kayan mutanen dā, baka da kwari da tukwane da kayan saƙa, 'yan lekol na zuwa kallo. Muze ake ce masa.

"Ba bauta musu za a yi ba, Rabilu," ta ce wa mijin Sahura. "Ajiyewa za a yi, yara su ga inda suka fito."

Rabilu mai butik ne, ɗan kanti a kasuwa, mutumin kirki, amma in ya kafe a kan magana ko jaki ya san da zamansa. Ya ce, "Madam, ki yi haƙuri. Shirka ko bayan gilashi aka sa ta, shirka ta." Ran nan ya hura wuta. Zane ya ci, izga ta ci, gatari ya ƙi. Ya ɗauke shi da sanda ya wurga cikin juji. Sahura tana tsaye tana kallo ba ta hana shi ba, don ita ma, gaskiya, tsoron kayan take yi.

Daga magaribar da jifa ta soma gidan bai sake ganin lafiya ba. Da rana ta karkata jifa za ta soma. Samarin unguwa suka hau katanga suka duba ko'ina, ba su ga kowa ba, duwatsu kuwa na ta sauka a gabansu. Kausar ta daina cin abinci. Aka kai ta likita, aka yi allura, aka ƙara ruwa, aka ce ba a ga ciwo ba. Rabilu ya yi karatu har muryarsa ta dishe. Yarinya sai ramewa take, wuyanta ya yi siriri, idanu suka faɗa. Sahura ta dama kunu ta zauna gabanta da ludayi har ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa. Wayyo, ba abin da ya fi ci mata rai irin wannan ludayin da ba ta iya kai shi ko'ina.

Da abin ya fi ƙarfinsu, Rabilu ya hau babur ya ɗauko Malam Zaidu daga Matankari. Tsoho ne mai ilimi, ba ya hayaniya. Ya sallaci magariba, ya sa aka shimfiɗa yarinya bisa tabarma a tsakar gida, ya zauna wajen kanta ya soma karatu a hankali. Jifa ta tsaya cak. Gidan ya yi tsit, har ana jin numfashin akuya a turke. Can sai bakin Kausar ya buɗe, muryar wata tsohuwa ta fito, mai nauyi, mai gajiya.

"Ya isa, malam. Ina jin ka."

"Wace ce ke?"

"Wadda anka yar cikin juji."

"Mi kike so ga yarinyar ga?"

"Ba ni son komi gare ta. Baki nika nema. Igge ta mutu, ba wanda ya zamna ya tambaye ta komi."

Muryar ta ce gatarin nan hannu bayan hannu ya zo, tun kafin Nasara su sa wa Lugu wuta. Ta san maƙerin da ya ƙera shi, ta san matan da suka riƙe shi, ta san wadda ta gudu da shi cikin zanenta ranar wutar. In ta tafi, ba sauran mai sani a duniya.

"Abu biyu," in ji ta. "A ɗauke shi daga ƙasa, a kai shi a ka inda ba a yar da shi. Kuma jikar Igge ta zamna in ba ta labarin, tun daga hwarko har ƙarshe. Sannan in tahi."

"Labarin zai kai yaushe?"

"Dogo na. Sai inda ya ƙare."

Malam Zaidu ya kama hannun yarinyar ya riƙe, ya daɗe. Ya dubi Sahura ya ce, "Yarinyar nan ba ta da ƙarfin ɗaukar dogon zance. Ban ce za ta kai ba, ban ce ba za ta kai ba. Ke aka kira, kuma ke ce uwa." Sahura ta dubi Rabilu. Yana durƙushe jikin bango, hawaye na bin gemunsa.

Muryar ba ta jira ba. Ta ce, "Ta hwarko da ta riƙe shi, can gabanin..." Sai tari ya sarƙe Kausar, ƙirjinta ya ɗaga, jini ya ziraro daga hancinta bisa tabarma.

"Bari!" Sahura ta faɗa kan ɗiyarta ta rungume ta. "Don Allah bari! Ba ni so. Ki bar mini ɗiyata."

Da muryar ta dawo, ba fushi a cikinta.

"To. Uwa ta ke, ban ga laihinki ba. Ku kai shi."

Yarinya ta yi atishawa, ta sake yi, jikinta ya saki. Ta buɗe ido ta ce da 'yar muryarta, "Mama, yunwa."

Da gari ya waye Rabilu da kansa ya tone juji da hannu ya ciro gatarin, ya sa a ƙwarya ya ɗora wa matarsa a ka. Ta ratsa bakin kasuwa da ƙafa, 'yan kabu-kabu na bin ta da kallo, shi yana biye kansa a ƙasa. Madam Angèle ta karɓa da hannu biyu, ta rataye shi a bango tsakanin wani baka da wata tsohuwar garkuwa. Tana murna ta ce, "To, ba ni labarinsa. Wa ya ƙera shi? Su wa suka riƙe shi kafin kakarki?" Sahura ta ce ba ta sani ba. Madam ta dube ta, ba ta ƙara tambaya ba.

Kausar ta warke sarai, ta yi ƙiba, ta koma lekol, ba ta tuna komai. Ranar da aka kai 'yan ajinsu muze ta nace sai uwarta ta rako ta. Madam na bin kayan ɗaya bayan ɗaya tana ba da tarihinsu, yara na ta tambaya, na ta dariya. Da aka zo kan gatarin, Madam ta ce daga Lugu ya fito, ta wuce na gaba.

Kausar ta tsaya. Ta ja zanen uwarta, idonta na kan bango.

"Mama, ai mu ma 'yan Lugu ne. Wannan na wa ne?"

Sahura ta ɗora hannu bisa kan yarinyar, ta ji ɗumin jikinta.

"Namu ne," ta ce. "Iyakar abin da na sani ke nan."