Jitar da Kurma Ke Ji

Da yammacin wata Talata na fito daga wurin likitan kunne, takarda a aljihu, na nufi shago don in kwashe kayan da na bari a buɗe. Tafiyar minti ashirin ce. Na ƙi hawa mota, don ba na son in isa da wuri.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran jita. Shagona ɗan tsugul ne a ƙarshen wani lungu, tsakanin shagon tela da wani sito da aka daɗe da garƙamewa. A bango na rataye tsofaffin jitoci goma sha ɗaya, nawa na kaina, waɗanda na tsinto a karye na raya su da gam da haƙuri. Na zamani masu lantarki kuwa, don a ci abinci kawai nake taɓa su. Kullum nakan ce wa samarin makaɗa sabuwar jita ihu take yi, tsohuwa ce mai magana. Sai su kwashe da dariya su ce, "To, Baba Mai Jita ya fara wa'azi."

Abin da ba su sani ba, wata takwas ke nan maganar tana kuɓuce mini. Kunnen hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi. Na ɓoye. In mutum yana magana sai in zuba wa bakinsa ido, in riƙa gyaɗa kai. Har ranar da wani makaɗi ya dawo mini da jitarsa, ya kaɗa ta a gabana ya ce, "Baba, wannan fa ba ta saitu ba." Ni kuwa a kunnena lafiya ƙalau take.

Likita bai yi mini kwana-kwana ba. Jijiyar ce ke mutuwa. Shekara guda ta rage in kurmance, ko ƙasa da haka. Sai da ya rubuta mini a takarda, domin sau biyu yana faɗa ban kama ba.

Na shiga lungu rana tana faɗuwa. Tela na jan ƙofarsa. Ya ɗaga murya, kamar yadda ya koyi yi mini ba tare da ya taɓa tambayar dalili ba: "Mai tsofaffin katakai! Yau ka bar matanka goma sha ɗaya su kaɗai?" Na yi yaƙe. Ya wuce.

Na sa makulli.

"Sannu da dawowa, mai gyara."

Na daskare. Raɗa aka yi, amma kowane harafi ya shiga kunnena tar. Rabona da in ji murya haka tun damina.

Mai maganar yana tsaye jikin ƙofar siton. Dogo ne, siriri, cikin tsohuwar kwat mai ruwan toka. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da tokar da ta huce ke tashi daga jikinsa. Yana rungume da akwatin jita na fata, duk ya tsattsage.

A kan teburina ya buɗe shi. Ban taɓa ganin irinta ba. Ƙaramin ciki, baƙin katako, babu sunan maƙeri ko'ina. Babu tsirkiya ko ɗaya. A wuyanta akwai ramukan da yatsu suka ci saboda daɗewa ana dannawa. Na gwada hannuna a kai. Tazararsu ta fi ƙarfin yatsuna.

Na ƙwanƙwasa cikinta da ɗan yatsa.

Na ji. Wallahi na ji.

"Tsirkiya take so," in ji shi. "Guda ɗaya kullum, idan rana ta faɗi. Ranar ta shida zan zo."

"Malam, gaskiya ita ce kunnena..." Shi ne mutum na farko da na fara gaya wa.

"Na sani. Masu ji ba sa iya mata."

Na sunkuya in ɗauko tsirkiya a durowa. Da na ɗago, ni kaɗai ne a shagon.

Ya kamata in ji tsoro. Murna na ji. Na ɗaura 'yar siririyar, na murɗa kunnen jitar a hankali, na taɓa. Sautin ya tashi siriri, mai tsabta, ya daɗe yana yawo a ɗakin. Na kifa kaina a tebur na yi kuka kamar yaro.

Ran Laraba na ɗaura ta biyu. Da na fito, motoci na wucewa a titi kamar a mafarki, ba ƙara ko kaɗan.

Ran Alhamis, ta uku. Da na koma gida, uwar 'ya'yana ta tare ni a tsakar gida, bakinta na motsi. Ko gunaguni ban ji ba. Jiya-jiya ina ɗan tsintar muryarta in ta matso. A hannunta akwai takardar likita, ta same ta a aljihun rigata wurin wanki. Ta kamo fuskata da hannu biyu ta juyo da ita, ta yi magana a hankali don in karanta.

"Baban yara, ni za ka ɓoye wa?"

Na ce mata kada ta damu, na sami magani. Na ba ta labarin jitar. Ta ƙura mini ido. Washegari da hantsi ta biyo ni shago.

Na ɗauko jitar ina rawar jiki, kamar mai nuna jariri. Na kaɗa tsirkiyoyi ukun. Shagon ya cika da sauti har cikin haƙorana. Na dube ta ina murmushi.

Fuskarta ta canja. Ta jawo wani guntun kwali ta rubuta: "Ban ji komai ba. Wayoyin na motsi, amma shiru."

Ta nuna bango. Jitocina goma sha ɗaya, tsirkiyoyinsu na rawa su kaɗai, ba wanda ya taɓa su.

Ta sake rubutawa: "Don girman Allah ka fitar da ita."

"Ba zan iya ba."

Ta riƙe rigata.

"Ke kina jin ruwan famfo," na ce. "Kina jin dariyar jikanmu. Ni ita kaɗai ta rage mini a duniya. Ita kaɗai!"

Ashe ihu nake yi. Sai da na ga tela ya leƙo na gane. Ta saki rigata, ta fita tana share ido da gefen mayafi.

Da magariba na ɗaura ta huɗu. Ran Asabar ta biyar. Na daina cin abinci sosai. Na daina karɓar aiki. Wani ya kawo sabuwar jitar lantarki, ja, tana walƙiya, na kore shi tun daga bakin ƙofa. In na yi tari ba na jin kaina. In na taka ƙasa ba na jin takuna. Na san ita ke cinye abin da ya saura. Na sani sarai. Amma duk wuni ido na kan rana, ina jiran ta sauka.

Ran Lahadi lungun babu kowa, duk shaguna a rufe. Na ce wa uwar 'ya'yana zan je duba wani aboki. Ta bi ni da ido har na fita.

Rana ta yi ja. Na ɗauko ta shida, mai kaurin. Na zura ta, na murɗa. Ta yi gurnani. Na ƙara murɗawa. Ta hau daidai.

Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon.

Ƙwan fitila ya dushe, ya koma ja kamar garwashi.

Na ji numfashi a bayana. Ba na mutum ɗaya ba.

Na waiwaya. Bangon da ke tsakanina da sito babu shi. Duhu ne mai zurfi, ya zarce inda siton ya kamata ya ƙare. A ƙasa suna zaune, sahu-sahu, dogaye, gwiwoyinsu sun kai kunnuwansu. Ba na ganin fuskoki. Hannuwansu nake gani, ɗore a kan gwiwa. Kowane yatsa gaɓa huɗu.

Mai kwat yana gefena.

"Kaɗa."

Hannuna ya tashi da kansa. Wani kiɗa ya fito wanda ban taɓa koya ba, mai nauyi, mai jan rai. Yatsuna suka miƙe suna neman ramukan nan. Suka buɗe. Suka ƙara buɗewa. Ƙaramin ya yi ƙas. Shi ma na ji shi.

Suka fara rausaya. Tufafinsu na shafar ƙasa, shuu, shuu.

Na nemi in yi addu'a. Leɓena na motsi, ban san ko wani abu na fita ba.

Jini ya fara bin wuyan jitar. Katakon na shanye shi.

"Mun daɗe ba makaɗi," ya raɗa. "Na baya ya gaji."

"Yaushe zan tsaya?"

"Shi ma ya tambaya."

Ya sunkuyo. Sanyin bakinsa na taɓa kunnena.

"A wurinmu za ka ji komai. Ruwa. Iska. Tsuntsaye. A can me ya rage maka?"

Sai ya bar ni na ɗanɗana. Daga cikin duhun na jiyo yayyafi a kan kwano. Na jiyo kukan kurciya. Na jiyo wata tana kiran yaro daga nesa.

Ba ja na aka yi ba. Wannan ne abin da har yau yake hana ni barci. Ni na miƙe da ƙafata.

Taku ɗaya.

Suka matsa, suka buɗe mini hanya a tsakiya.

Taku biyu.

Aka fizgo ni ta baya. Na waiga, sai ga uwar 'ya'yana.

Ita ce. Mayafinta ya faɗi, ƙafarta ɗaya ba takalmi. Daga baya ta gaya mini abin da ta gani: ni kaɗai, a cikin shago, ina tafiya zan shige bango, hannuna jina-jina. Ta ja jitar, na riƙe gam. Na ture ta. Matar da ban taɓa ɗaga wa hannu ba, na ture ta ta bugi tebur.

Hannunta ya faɗa kan filayar da nake yanke waya.

Ta datse tsirkiya ta farko. Tas!

Suka yi ƙara gaba ɗaya, ƙarar da ta tsaga mini kai.

Ta biyu. Ta uku.

Suka miƙe. Kawunansu sun wuce rufi.

Ta huɗu. Ta biyar. Yayyafin ya ɗauke. Kurciyar ta yi shiru.

"Bari!" na ce. "Bar mini guda ɗaya!"

Ta dube ni, hawaye na zuba. Ta sa hannu biyu ta datse mai kaurin.

Wayar ta tsinke ta zabge ta a kunci.

Mai kwat bai ko kalle ni ba. Ya lanƙwaso daga can sama, a hankali, ya kai bakinsa kunnenta. Na ga leɓensa ya motsa.

Ban ji ba. Daga wannan lokacin ban sake jin komai ba.

Ita ta ja ni waje. Muka bi lungun da gudu, muna faɗuwa muna tashi, har muka kai titi inda fitilu da mutane suke.

Da safe tela da ƙanena suka raka ni. Bango na nan daram. Ba jita, ba akwati. Guntayen waya shida a ƙasa, sun yi tsatsa kamar sun shekara a cikin ruwa. Jitocina goma sha ɗaya duk sun tsage ta baya.

Na tashi daga lungun. Yanzu ina da ɗan shago a bakin titi, mai taga babba. Na zamani nake gyarawa, da 'yar na'urar da ke kunna koriyar fitila idan tsirkiya ta hau daidai. Ƙaramin yatsana bai sake lanƙwasuwa ba. Abinci dai ana ci, alhamdu lillahi.

Sau da yawa na tambaye ta abin da ya raɗa mata. Sai ta kau da kai. Bayan wata huɗu, wata ranar tana tsintar shinkafa, ta ajiye tiren ta rubuta a bayan wani ambulan: "Cewa ya yi hannuna ya fi naka kyau."

Ba ta taɓa riƙe jita ba a rayuwarta. Amma a yammacin nan na lura da hannunta na hagu a gefen tiren. Yatsun na dannawa suna sakewa, suna buɗewa, ita ba ta ma sani ba.

An yi mata addu'o'i, ana kan yi. Ni dai nawa aikin guda ne. La'asar na yi nake rufe shago, ko da mutum goma na jira. In zauna kusa da ita kafin rana ta faɗi, in riƙe hannun nan da hannuwana biyu, gam, har sai yatsun sun daina motsi.