Ƙusar Bidiyon Baba

"Dogo, wa ya taɓa min ƙusa?"

"Wace ƙusa kuma, Malamata?"

"Kar ka raina min hankali! Zo ka gani."

Auta ta juyo masa da fuskar kwamfuta. Bidiyon liyafar ritayar Babanta ne. Dogo, mai ɗaukar hoton kamfaninsu, shi ya ɗauka ya fara haɗawa, ita kuma mai tacewa take dubawa. A tsakiyar kowane yanki na bidiyo akwai wata 'yar da'ira da suke kira ƙusa, domin duk inda aka kafa ta, nan hoto zai nufa idan an matso da shi. Ita da kanta ta koya masa haka.

Ta danna. Ga Baba yana jawabi, amma maimakon hoton ya matso fuskarsa, sai ya zame gefe, ya wuce baƙi, ya tsaya cak a kan wata yarinya a bayan kujeru.

Ita ce.

"Yanki goma sha bakwai, Dogo! Duk a kaina ka kafa!"

Ya sosa ƙeya. "Wallahi hannuna ne yake zamewa..."

"Sau goma sha bakwai?"

"To, zuciyata, ya zan yi? Can idona yake."

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. Ba wasa ba ne. Sau biyu Baba yana cewa ba zai ba da 'yarsa ga mai yawo da kyamara ba, da ƙyar Mama ta shawo kansa ya yarda ya ga aikin yaron tukuna. Wannan bidiyon shi ne jarrabawar.

Ta zauna ta riƙa jan ƙusar ɗaya bayan ɗaya tana mayarwa kan fuskar Baba, ta adana sabon kwafi kusa da tsohon. Sakatariyar kamfanin, wadda ta daɗe tana kawo wa Dogo shayin da bai nema ba, tana bakin ƙofa tana jin komai.

"Kawo in sa miki a filashi ki kai gida, ƙawata, ke kin gaji," ta ce da murmushi.

Ranar Asabar da la'asar falo ya cika. Baba na kujerarsa, Mama a gefe, Yaya Babba ya harɗe hannu yana hararar Dogo da ya takure a kan kafet.

Bidiyo ya fara. Baba ya miƙe zai yi jawabi... sai hoton ya fara zamewa gefe.

Auta ta ƙura wa hoton ido. Tsohon kwafin ne! Murmushin Sakatariya ya faɗo mata a rai.

"Kai!" Yaya Babba ya daka tsawa. "Ritayar Baba aka sa ka ɗauka ko kallon ƙanwata? Kashe abin nan!"

"Bar shi," in ji Baba.

Bidiyon ya ci gaba. Ga Auta a bayan kujeru riƙe da gorar ruwa da maganin hawan jinin Baba, tana duba agogo. Ga ta tana lallaɓowa ta ɗauke wayar lasifika daga gabansa kar ya yi tuntuɓe. Ga ta, lokacin da ake ba shi lambar yabo, ta juya wa mutane baya tana share hawaye da gefen mayafi.

Da aka gama, Baba ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Auta, ashe ba ki zauna ba ranar nan?"

"Baba, kuskure ne, akwai wanda na gyara, wallahi..."

"Ba shi na tambaye ki ba." Ya dubi Dogo. "Kai, me ke jan hoton nan gefe?"

Dogo ya gyara zama. "Ƙusa ce, Baba. Inda mutum ya kafa ta, can hoto yake zuwa. Laifina ne, ba nata ba."

"Mutum ɗari biyu a zauren nan, kowa ni yake kallo. Ni kaina ban ga yarinyar nan ba."

Mama ta yi gyaran murya, ta nuna tsohon hoton ma'aikata da ke jikin bango. "Alhaji, in ce dai ba za ka yi faɗa ba? Dubi can. Kowa na kallon mai hoto, kai kaɗai wuyanka ya karkace wajen layin masu buga tafireta, inda nake."

"Ke dai ba kya mantuwa!"

Falon ya ɓarke da dariya, har Yaya Babba sai da ya rufe baki. Auta ta cusa fuska a kafaɗar Mama, kunya da daɗi sun hana ta ɗagowa.

"Baba," ta ce can ƙasa, "in kawo gyararren gobe?"

"Kar wanda ya taɓa min ƙusar nan, wannan nake so." Baba ya mayar da tabarau ya nuna Dogo da yatsa. "Kai kuma, ka gaya wa manyanka ina jiransu ranar Lahadi. Na ba ka ita!"