Motar Da Aka Ɗaga Don Amarya

Ƙarar ce ta fara ratsa Rauda tun daga ƙuryar ɗakin da ƙawaye suka lulluɓe ta. Ƙiii... ƙiii... duk kayan da aka ɗora sai motar ta yi kuka.



Ɗiyar makanike ce, a garejin mahaifinta Malam Abdussamadu na Gwadangaji ta yi wayo, ta san kukan ƙarfen da ya gaji. Da hantsin nan aka ɗaura aurenta da Mujtaba, yanzu kuma gwaggonni na ta lafta wa akori-kurarsa kayan jere: gado, sif, firij, katifu har sun ɗara kan motar.

Gidan su Mujtaba yana can cikin fadama bayan Argungu, ruwan bana kuma ya cinye hanya, sai an bi ta kan jinga. Shi ya sa ya so a ɗaga motar, mai ja da taya huɗu, don kada cikin motar ya taɓa laka. Mahaifin Rauda ya ce a jira dogayen sifirin da abzoba masu tsawo, ƙarafan da ke ɗaukar nauyin mota, su iso daga Kano, mako biyu. Ina! Ango da ɗoki? Sai ga Ikrima mai walda, wanda ya nemi Rauda shekara biyu bai samu ba, ya ce shi wuni ɗaya ya ishe shi. Ya cusa guntayen ƙarfe ƙarƙashin tsoffin sifirin, ya liƙe da wuta, mota ta miƙe zanƙal-ƙal kamar zalɓe.

Malam Abdussamadu ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, ya ce ɗiyarsa ba za ta shiga ba, kwalekwale ya fi masa. Yau kuwa yana masallaci wurin baƙi, bai san da motar za a kai kaya ba.

Ta tuna dariyar Mujtaba a wancan makon.

"Haba Raudata, hasken idona... don ke fa niɗ ɗaga ta. Ba ni son ko ɗigon laka shi taɓa miki ƙahwa."

A ranar, daɗi ne ya rufe mata baki. Yau kunya ce.

Ta laluba wayarta, babu, Zuhura babbar ƙawa ta ɓoye ta tun safe. Ta roƙe ta ta je ta ce wa ango a rage kayan sama, a yi sawu biyu. Ɗakin ya kwashe da shewa, wai amarya ta fara tausayin miji tun ba a kai ta ba. Gwaggo Sharifa ta leƙo da guɗa a bakinta.

"Ke, mi kinka hwaɗi? Ina kinka taɓa jin amarya ta aika ma ango ranar ɗaurin aure? Rufe min baki, kar ki ja muna abin faɗe!"

Rauda ta yi shiru. Wannan shirun shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba har yau.

Ta ji an tayar da mota. Ta ji muryar Mujtaba yana cewa shi kaɗai zai ja, masu jere su biyo ta ruwa. Sai a lokacin ta yar da mayafi ta ruga soro, ƙafa ba takalmi.

"Mujtaba...!"

Motar ta riga ta kai kwana, tana rangaji hagu da dama, sif yana lilo a samanta. Ya fito da hannu ta taga ya ɗaga mata. Shi a zatonsa bankwana ta fito yi.

La'asar ta yi, bai kira kowa ba. Hadari ya haɗu ta wajen Zauro. Rauda na zaune tana kallon ƙofa.

Dab da magariba mahaifinta ya shigo cikin mata ba sallama, wandonsa jiƙe da laka har gwiwa. Kiɗa ya tsaya. Masunta ne suka gani, in ji shi: jinga ta ɗan karkata, walda ta ɓalle, motar ta kifa cikin ruwa. Sun yi nutso har sau uku kafin ƙofa ta buɗu.

Ya durƙusa gabanta, dattijon da ba ta taɓa ganin hawayensa ba.

"Ɗiyata... Allah ya karɓi abinai."

A daren da ya kamata a kai ta, Rauda ta fara takaba, wata huɗu da kwana goma, saboda mijin da ko ƙofar ɗakinsa ba ta taɓa gani ba.