Abin da Bushra Ke Ci a Danfo

Ranar Lahadi bayan la'asar, ana saura 'yan kwanaki Bushra ta sake zama jarrabawar Turanci, mijinta Shafi'i ya jawo kujerar roba tsakiyar ɗakinsu, ya zauna ya ɗaure fuska kamar mai jarrabawa. Ba su cika shekara da aure ba. A gidan mahaifiyarsa Hajiya Kalsum suke zaune, a Agege bayan layin dogo, kuma katako ne kawai ya raba ɗakinsu da falo.

Bushra nas ce. Wani asibiti a Ingila ya yi mata alkawarin aiki, har da izinin tafiya da miji, muddin ta kawo makin da ake so. A zaman farko ta ci karatu da rubutu da saurare, ta faɗi a magana. Ba Turancin ne ya gagare ta ba, haihuwar Legas ce, harshe huɗu ne a bakinta. Mai jarrabawar ne ya tambaye ta ko tana ɗan taɓa wani abu tsakanin abincin rana da na dare, sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a. Ya tambayi kayan ƙwalamar da ta fi so tana yarinya, ta ce babu. Haka aka rene ta: mace ba ta zayyana wa baƙon namiji abin da take ci, ba ta kuma kallon ƙwayar idonsa. Shi kuwa magana ya zo aunawa, bai samu abin da zai auna ba.

Don haka Shafi'i ya kafa mata doka. Ta dube shi, ta faɗi gaskiya, kada ta yi shiru sai ya ɗaga hannu.

"Malama, ɗago kanki. Ba neman aurenki na zo ba, wannan na riga na ci."

Ta yi dariya, ta ɗago, bakinta ya buɗe. Cikin Turanci ta ba shi labarin fanken da take saya da safe a tashar mota, da gasasshiyar ayaba da gyaɗa in ta tashi daga aiki, da cincin ɗin da ba ya yankewa a jakarta. Ta ce a danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, take ci, a kujerar baya, ta ƙarƙashin hijabi. Ya tambaye ta me ya sa a danfo, kamar yadda mai jarrabawa zai tambaya. Ta ce falo ɗaya ne a gidansu, surukarta na zaune a ciki daga magariba har barci, ita kuma ba za ta iya tauna a gabanta ba. In ta ɗauki kwano ta shige ɗaki a ce kwaɗayi. Shi ya sa take cika cikinta a hanya, in ta manta kuma ta kwana haka.

Shafi'i ya manta da ɗaga hannu. Shi a waje yake cin abincin dare da abokansa masu gyaran waya, bai taɓa sanin haka ba.

A bayan katakon kuwa yayarsa Sa'adiya ce zaune kusa da Hajiya, tana fassara mata jimla bayan jimla. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, gishiri kawai ta ƙara. Dama tun farko ba ta son tafiyar. Ta sha faɗa a shagonta na atamfa cewa za a mai da autansu ɗan rakiyar mace, a kai shi inda ko gawarsu ba zai zo ɗauka ba.

Hajiya ta sa aka kira su. Abin ya fi yi mata ciwo ta wani wajen da Sa'adiya ba ta lura ba. A Islamiyya babu wadda ba ta ji Hajiya tana alfahari da surukarta ba, wai duk da boko da zaman Legas, ba ta taɓa ganin bakin yarinyar yana motsi da abinci ba.

"Da yunwa muke barin ki a gidan nan?" in ji Hajiya.

Bushra ta durƙusa, idonta a kan tabarma.

"Ai ba da Hausa take magana ba, Hajiya," in ji Sa'adiya. "Madam nas ce. Sai ta samu Bature za ta gaya masa a gidanmu ba a ɗora tukunya."

Shafi'i ya fara bayanin cewa gwaji ne kawai, shi ya ce ta faɗi gaskiya. Nan ya ƙara ɓata lamarin, don Hajiya ta riƙe kalmar gaskiyar ta ƙi saki. Ta ce ashe gaskiyar gidanta ke nan, wadda za a kai wa baƙo a ba da maki a kai. Ta yanke hukunci ba tare da ɗaga murya ba. Ba jarrabawa. In Bushra ta fita ranar Asabar, ranar jarrabawar, ta zarce gidan ubanta a Ketu. In kuma Shafi'i ya raka ta, ba ta yafe masa ba.

Da suka koma ɗaki Bushra ta yi kukanta ta share. Ta roƙi mijinta kada ya yi jayayya da mahaifiyarsa a kanta, ta ce in Hajiya ba ta sa albarka ba, ba inda za ta. Ya ce in wannan zaman ya wuce asibitin ba zai ƙara jira ba. Ta ce ta sani.

Makon ya yi nauyi. Sa'adiya ta koma dire wa Bushra kwano da ƙarfi tana cewa a ƙara wa mai yunwa, ta kuma riƙa tambayarta ko direban danfo ya ba da izini a ci tuwon gida. Bushra takan ce na gode, Yaya, ta rufe kwanon. Shafi'i ya daina cin abinci a waje. Da magariba sai ya shigo falo ya zauna, a kawo masa nasa, ya rufe ya ajiye kusa da na matarsa. Kullum da safe in ya gaishe da Hajiya yakan roƙe ta sau ɗaya, ta kawar da kai, ya tashi ya tafi aiki.

Hajiya dai tana kallon kwanukan nan biyu a rufe kowane dare, daga kujerarta, inda take zama da carbi da rediyo tun rasuwar maigidan.

Ranar Juma'a da yamma ta ce a fito mata da kujerar robar nan. Ta zauna a kai a tsakiyar falo, ta nuna wa Bushra tabarma.

"Yau ni ce Baturen. Da Hausa za ki amsa. Auta, yaya dokar taka take?"

Shafi'i ya faɗa a hankali: ta dube ki, ta faɗi gaskiya, kada ta yi shiru sai kin ɗaga hannu.

"To kin ji. Me kike ci a hanya?"

Sa'adiya ta yi tsaki. Sannan Bushra ta ɗago kai, karo na farko tun da aka kawo ta gidan ta dubi idon surukarta, ta lissafa: fanke, ayaba, gyaɗa, cincin. Hajiya ta tambaye ta a ina, ta ce a danfo. Ta tambaye ta ko abincin gidan ne ba ya mata daɗi, ta ce ƙamshinsa ne ma yake hana ta barci.

"To uban me ya hana ki buɗe baki ki faɗa?"

"Hajiya, ke kika ce ba ki taɓa ganin bakina yana motsi ba. A gabana kika faɗa wa ƙawayenki. Na ji daɗin yabon, ban so ya zube."

Sa'adiya ta ce ka ji rashin kunya, yanzu laifin ma na Hajiya ne. Hajiya ta ce mata ta rufe mata baki, ko duban ta ba ta yi ba. Ta daɗe tana juya carbi, sannan ta ɗaga hannu.

"Tashi ki ba ni wuri."

Ba ta ce ta janye hukunci ba, ba wanda kuma ya yi ƙarfin halin tambaya.

Da safiyar Asabar Bushra ta fito gaisuwa da zanen gida, ba ta yi shirin fita ba. Ta tarar da kunu da ƙosai a kan tabarma, Hajiya na zaune daf da su.

"Zauna ki ci."

Bushra ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon ta shige ɗaki.

"A nan. Ina kallo."

Bushra ta fara ci. Hajiya ba ta kawar da ido ba, ba ta kuma yi murmushi ba, har sai da ƙosan ya ƙare. Sannan ta ce kunyar da za ta sa 'yar mutane ta riƙa ɓoye abinci a hijabi cikin mota ba tarbiyya ba ce, kuma da mai yin ta da mai yaba ta duk ba su kyauta ba. Ta zaro ƙullin leda daga gefen zaninta ta jefa mata a cinya. Dakuwa ce, wadda ta sa aka daka jiya, da yaji kamar yadda ake yi a garin su Hajiya.

"Ban ce na ji daɗin ɗauke mini Auta da za ki yi ba, kar ki ɗauka. Amma in mutumin ya tambaye ki, kar ki fara masa da fanken bakin titi. Je ki sa kaya. Allah ya ba da sa'a."

Sa'adiya na bakin ƙofa ta harɗe hannu, ba ta matsa ba sai da Shafi'i ya ce, Yaya, hanya.

Mai jarrabawar wannan karon bai tambayi kayan ƙwalama ba sam. Bayan gaisuwa da 'yan tambayoyi kan aiki, sai ya ce ta ba shi labarin wata kyauta da aka yi mata kwanan nan. Bushra ta dube shi a ido. Ta fara da yadda ake soya aya da gyaɗa, ta wuce kan turmi da yaji, ta kai kan matar da ta ba ta da irin kallon da ta yi mata da safe. Tana cikin bayanin kujerar robar ya ɗaga hannu, ya ce lokaci ya cika.