Ɗinkin da Hulda Ta Sassauta

Ranar da Hulda ta fara ganin Emmett, a kafaɗa aka shigo da shi shagon babanta. Ƙarti ne 'yan ƙungiyar ƙwallon jami'a, irin ta Amurka da ake runguma a ruga da ita, duk sun tara gashi buzu-buzu don ya rage musu zafin karo, suka dire shi kan teburin yankan fata suna dariya. Kyaftin ɗinsu Rexford ya ce wa baban nata, tsoho Brandvold, badukun da ke ɗinka sirdi da linzamin garin, so suke a sa wa Ɗan Tsako, wato Emmett, mariƙai biyu na fata a ƙugun wando. In sun kasa ratsa abokan karawa, sai su damƙi mariƙan su wurga shi ta saman kawunansu, da ƙwallo rungume a ƙirji.

Hulda ce ta auna shi.

"Kai kuwa mutum ne ko buhun masara?"

"Ai buhu ya fi ni gata," ya ce a hankali. "Shi sau ɗaya ake jefa shi a shekara."

Ta so ta yi dariya, sai ta ga idonsa, dariyar ta maƙale.

Ɗan manomi ne mai karatun likita. Masu hannu da shunin da suka gama jami'ar ne ke ɗauke da karatunsa, muddin yana yarda a jefa shi. Kakar 1896 kuwa ta yi wa ƙungiyar kyau, Asabar bayan Asabar sai nasara. Duk Litinin ya kawo wandon gyara, ya zauna a bakin murhu, ita tana ɗinki shi yana ba ta labarin ƙasusuwan jikin mutum, wai ya san su sarai tunda ya kusa karya rabinsu. Kafin ganye ya gama zuba ta koma kiransa tsakona, shi kuma yana ce mata Basillata, don allurar dukancin da ba ta rabo da hannunta.

Da maganar aure ta taso, Baba Brandvold ya ce atafau. Bai yi renon 'ya don ya ba wanda ake cilli da shi ba. Ga Rexford ma yana zuwa da keken doki da furanni. Da Hulda ta sallame shi, ka san halin ɗan masu kuɗi, daga ranar sai jifan Emmett ya ƙaru a fili.

Wata Asabar aka wurga shi ya sauka da ka. Hulda ta ratsa mutane ta durƙusa a gabansa. Ya dube ta da ladabi, ya tambaye ta ko 'yar gidan wace ce. Sai da yamma ya gane ta. Likitan garin ya ce in ya sake irin wannan faɗuwar, ko dai a binne shi, ko ya rayu bai san kowa ba.

Ta roƙe shi har da kuka ya bari. Ya ce wasa ɗaya ya rage, na ranar Bikin Godiya da ake yi a ƙarshen kaka, in ya ƙi shi karatunsa ya tashi.

"Sau ɗaya ne kawai, Basillata. Ki ɗinka mini da ƙarfi."

Ta karɓi wandon. Ta ɗinka mariƙan tsaf ta waje, ta ciki kuwa ta bi zaren da wuƙa ta tsinke, ta bar abin da zai riƙe su a ido kawai.

Ranar wasan gari ya fito kaf cikin dusar ƙanƙara. Ana dab da tashi, taku kaɗan ya rage su ci, Rexford ya ba da umarnin jifa. Suka damƙa suka ɗaga, mariƙan suka fita a hannunsu fit. Emmett ya zube a gaban ƙafafunsu, ƙwallo ta kuɓuce, aka cinye su. Ya miƙe garau, ko ƙwarzane babu. Wallahi duk filin nan Hulda kaɗai ta gode wa Allah.

Washegari Rexford ya zo shago da zuga, ya jefa fatar a kan tebur. Tsohon ya ɗauka, ya juya cikinta, ya daɗe yana kallo. Bai dubi 'yarsa ba.

"Aikina ne," ya ce. "Hannu ya tsufa."

Shi ke nan fa. Jami'a ta janye aikinta, manoma suka fara kai linzaminsu wani gari, don wa zai ɗaure dokinsa da ɗinkin da ya ba gari kunya? Masu ɗaukar nauyin Emmett kuma suka ce tunda likita ya sa masa ido, su nemi wani mara nauyin. Haka karatu ya ƙare.

Ya same ta a bayan shago da akwatinsa.

"Na san ɗinkin Baba, na san naki, Hulda. Wa ya ba ki ikon zaɓar mini?"

"Babu. Kuma gobe ma in an ba ni wandon, haka zan yi."

Ya tafi gonar ubansa. Dare da rana duk ɗaya suka zame mata, ba ta ji ɗuriyarsa ba har ƙanƙara ta narke. Sai ga shi wata safiya, ya yi aski, hannu duk ya yi kanta don aikin gona, ya tsaya gaban tsohon ya cire hula ya nemi aurenta.

Brandvold bai ba shi kujera ba. Ya ce sunan da ya yi shekaru yana ginawa ya zubar saboda kan nan da ke wuyan Emmett, don haka ya ɗauki yarinyar, kada asarar ta tashi a banza.

Aka ɗaura aure a ƙaramin cocin bayan gari. Ko mutum ɗaya daga ƙungiyar bai zo ba. Fasto ya sa albarka, tsohon ya ce amin, Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai jin magana.

A bakin ƙofa Emmett ya riƙe hannunta gam.

"Ina sonki, Hulda. Amma ban yafe miki ba tukuna."

"Ba komai, tsakona," ta ce. "Tunda ka san wadda ba ka yafe wa ba, ya ishe ni."