Layi Huɗun Auta

"Sake gwadawa, Auta!"

"Sau tara ke nan, Malam..." Ba ta janye kwamfutar daga gabansa ba.

Ɗalibar aji uku ce, ta sadaukar da dogon hutunta ga ɗakin binciken harsunan kwamfuta. Shi kuwa ɗalibin digiri na uku ne da Farfesa ta ɗora wa jagorancinta. Shekara uku yana gina sabon harshe mai alkawari guda: duk manhajar da ta bi dokokinsa ba za ta taɓa cijewa ba. Aikin Auta shi ne tabbatar da alkawarin.

A mako na biyar ya ce yana son ta. A na bakwai ta rubuta layi huɗu, sun bi kowace doka, suka cije.

Da suka sake cijewa a gwaji na goma, ya fita, ko jakarsa bai ɗauka ba.

"Ke dai ba ki da wayo," in ji maƙwabciyar teburinta, wadda ta daɗe da kafa masa ido. "Jibi za a gabatar da aikin, ki kunyata shi gaban Farfesa? Da ni ce, wallahi gogewa zan yi!"

Da rana Yayanta ya kira. "Dama na ce ki dawo gida! Hutu guda kin ɓata wa mutum karatu, waye zai aure ki?"

"Yaya, ba ni na haƙa ramin ba, gano shi na yi."

Ta yi kukanta a kan matakala, ta share fuska, ta koma. Idan ta goge, son zai tsira, amma har abada za ta riƙa kallon sa tana sane da abin da ta ɓoye.

Ranar gabatarwa ta rubuta layukan a farin allo, ta nuna inda suka cije.

"Wa ya gano wannan?" Farfesa ta tambaya.

Jagoran nata ya miƙe daga kujerar baya, idanunsa jajir. "Ita kaɗai. Doka ta shida ce da kuskure. Gyaran zai ci min wata takwas."

A bakin ƙofa ta tare shi.

"Ka tsane ni ko?"

"Kwana biyu ina ƙoƙari, abin ya gagara." Ya sunkuyar da kai. "Hasken idona, wadda ta ƙi yi min ƙarya don ta faranta min, ina zan sake samun irinta? Na roƙi Farfesa ta canza miki jagora, don in je gidanku da fuskata."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"To ka shirya, masoyi... doka ta tara ma ban yarda da ita ba!"